Babi na Shida: Bayan An Sauke Tukunya

Wai a ina suke wanke kwanukan? Duk wanda ya ratsa Marabar Jos da yamma, ko ya wuce ta Tafa a hanyar Abuja, ya ga abin da ke jawo wannan tambaya. Ga tireloli jere a gefen titi, ga tabarma shimfiɗe a inuwar ƙarƙashin wata, yaron mota ya durƙusa gaban ɗan risho yana juya tukunya, maigidansa na kishingiɗe yana danna waya. Matafiyi ya leƙo ta tagar bas, ya duba bai ga famfo ba, bai ga rijiya ba. To idan an cinye, wannan tukunya mai maiƙo da kwanon da aka ci a ciki, yaya ake yi da su?

Wasu kan yanke hukunci nan take, su ce ai ba sa wankewa, haka suke mayarwa cikin akwati. Akwai masu yin haka, babu musu. Sai dai ciki ba ya daɗe yana yafe wa mutum wannan. Direban da gudawa ta taɓa kamawa a tsakanin Bida da Mokwa, da lodin siminti a bayansa, ga cunkoso gaba da baya babu inda zai ajiye mota, ba sai likita ya yi masa bayanin amfanin wanke tukunya ba.

Mun riga mun ga abin da ya sa direbobi da yawa ke girki da kansu. Daga Kano zuwa Legas kimanin kilomita 1,000 ne. Ƙaramar mota kan cinye su a yini ɗaya, amma tirela mai kaya sai ta kwana ta sake kwana. Ga jiran lodi, ga jiran sauke kaya. Kafin hukumar tashoshin jiragen ruwa ta ƙaddamar da tsarin kiran motoci na Eto a watan Fabrairun 2021, mota kan yi makonni a layin shiga tashar Apapa da ke Legas. Sayen abinci sau uku a rana, na mutum biyu ko uku, ba ya barin komai a kuɗin hanya. Saboda haka ake hura wuta. Wannan babi a kan abin da ke biyo bayan cin abincin ne.

Ruwa ne ke tsara girki

A gida, uwargida kan fara da tunanin abin da za a ci, wanke-wanke ya biyo baya. A tirela lissafin daga ƙarshe yake farawa. Abin da ke cikin jarka shi ke yanke abin da za a ɗora a wuta.

Jarkar da aka fi gani ɗaure a bayan kan mota ita ce ruwan ɗorawar nan mai lita 25, wadda asalinta ta man girki ce. Masu jiran rabo a cikinta suna da yawa: sha, girki, alwala sau biyar ta mutum biyu, wanke hannu, ɗan watsa ruwa idan an samu sarari, da lagireto idan ya nema a hawan tudu, wanda shi kuwa ba a yi masa gardama. Wanke-wanke ne na ƙarshe a layi. Idan jarka ta ƙare aka koma fiya wata, buhu guda leda 20 ne, kowace rabin lita, wato lita 10 ke nan. Babu direban da zai zuba ido yaronsa ya fasa leda shida a kan tukunya ɗaya.

Wannan ne ya sa abincin hanya kusan iri ɗaya ne daga Potiskum har Ogere: dafa-duka, garau-garau, taliya da manja, Indomie da ƙwai, shayi da burodi. Mutane kan ɗauka rashin iya girki ne, ko lalaci. Ni a ganina dabara ce. Duk waɗannan tukunya ɗaya suke ɓatawa. Tuwo da miya kuwa tukunya biyu ne, ga muciya, ga ludayi, ga ƙanzon da ba ya fita sai ya sha ruwa ya jiƙa. Shi ya sa idan direba ya yi marmarin tuwo yakan je wajen mai abinci a tasha, ya bar mata wanke-wanken. Haka kuma cin abinci a faranti ɗaya, oga da yaronsa da wanda aka yi wa bisimilla, ban da zumuncin da ke ciki, yana rage abin wankewa zuwa guda.

Kafin ruwa ya taɓa tukunya

Yaron motar da ya ƙware, rabin wankinsa ba da ruwa yake yi ba. Da an juye abinci a faranti, tun tukunya na da zafi, sai ya sa cokali ya kankare gindinta tas. Abin da ya fito, idan na ci ne ya hau kan faranti, idan ƙonanne ne ya shiga ledar shara. Sannan ya goge maiƙon da guntun burodi ko 'yar takarda mai tsabta. Duk maiƙon da ya fita a takarda, ruwa da omo ne aka tsimi.

Sai babbar dabarar, wadda ba ta cin ko sisi. Ya zuba ruwa kamar kofi ɗaya a tukunyar, ya rufe, ya mayar da ita kan garwashin da ya rage a kurfoti, shi kuma ya je ya sa hannu a abinci. Kafin a gama ci ruwan ya yi zafi, tururi ya bi bangon tukunya ya tausasa duk abin da ya manne. Manja ba ya narkewa sosai sai zafi ya kai wajen digiri 35, kuma duk wanda ya taɓa ƙoƙarin wanke kwanon manja da ruwan sanyi da asubar hunturu a Funtuwa ko Jos ya san yadda yake daskarewa ya bi soso ya bi hannu. Da ruwan zafi kofi ɗaya sai a yi aikin da rabin bokitin ruwan sanyi ba zai yi ba.

A cikin wannan ruwan zafin ake barbaɗa omo, kuma a nan ne sabon yaro ke ɓarna. Gani yake yawan kumfa shi ne tsabta, sai ya zazzaga. Ruwa da mai ba sa haɗuwa, kowa ya sani. Aikin sabulu kamar na dillali ne a kasuwa: hannu ɗaya riƙe da mai, ɗayan riƙe da ruwa, sai ya haɗa su su tafi tare. Idan an riga an goge maiƙon da takarda, ɗan abin da ya rage ba ya buƙatar omo fiye da abin da yatsu uku za su ɗiba. Abin da ya wuce haka nauyi ne a kan ɗauraya, domin sai an yi ta kwarara ruwa kafin santsin ya fita. Idan kuma aka yi rowar ruwan, gobe shayi ya yi ɗanɗanon omo, oga ya yi faɗa.

Akwai kuma tsarin abin da ke fara shiga. Kofunan shayi ne farko, don su ne masu ƙarancin dauɗa. Sai cokula, sai faranti, ita tukunyar ce ƙarshe. Wajen ɗauraya ba a tsoma kaya cikin bokiti. Buta ake amfani da ita, ko gorar ruwa ta roba da aka huda murfinta da ƙusa, a riƙa tsiyayawa siriri a kan kofi, ruwan na zuba cikin faranti, na farantin na zuba cikin tukunya. Ruwa ɗaya ya yi aiki sau uku. Da haka, kayan girkin mutum biyu ba za su ci fiye da buta ɗaya ba.

Idan omo ya ƙare, tokar kurfoti na nan. Ba tatsuniya ba ce: toka na da sinadarin da idan ya haɗu da mai yake zama sabulu, kuma da irin wannan haɗin ake yin sabulun salo. Sai dai kada a bar ta ta kwana a tukunyar alminiyam, tana cin jikinta. Yashi kuwa, ina ba da shawarar a rabu da shi. A ƙauye ana goge gindin tukunya da yashin rafi ta yi fes, amma ƙasar wurin ajiye tireloli ba yashin rafi ba ce. Shekara da shekaru tana shan baƙin mai da dizal da fitsari da abin da ke zubowa daga motocin shanu.

Tsumma biyu, jarka biyu

Haɗarin da ya fi kowanne kusa a wannan sana'a, tsumma ne. A kowace tirela akwai tsumman goge hannu bayan an duba baƙin mai, ko an canza taya, ko an ɗaure batir. Idan babu wani daban na kayan abinci, wata rana cikin duhu wannan ɗin ne zai goge faranti. Baƙin man da ya yi aiki a inji yana ɗauke da burbushin ƙarfe da sinadaran da ba a yi su don cikin ɗan Adam ba. Mafita mai sauƙi ita ce launi: tsumman abinci fari, a cikin ledarsa, a akwatin girki. Na inji kuwa ko wane iri ne, amma wurinsa akwatin sifana.

Haka batun jarka. Wadda ta taɓa ɗaukar dizal ko fetur ko maganin feshi ta gama aikin ruwa har abada, ko sau nawa aka wanke ta, domin roba na tsotse su ta riƙa saki a hankali. Kuma al'adar nan ta wanke hannun giris da fetur, wadda yara suka koya a gareji, ba ta ƙare aiki ba sai an bi da sabulu. Da wannan hannun za a ci garau-garau.

Jiƙaƙƙen kwano bai gama wankuwa ba

An wanke, an ɗauraye, oga ya tayar da mota yana matsa ham. Yaro ya kwashi kwanuka da ruwansu ya jibga a akwatin gefen bodi, ya cusa soso a leda ya ƙulle. Nan aikin ya lalace. Ƙwayoyin cuta abu uku suke nema: danshi, ɗumi, da ɗan abin ci. Akwatin ƙarfe da rana ke duka tun hantsi ya ba su ɗumi, ruwan da ya taru a gindin kwano ya ba su danshi, soso kuwa duk ukun yana da su. Warin da ke tashi idan an kwance ledar soso da daddare, shaidar sun yi yini suna hayayyafa ne, kuma da shi za a sake goge faranti.

Minti kaɗan a rana ya isa kwanon silba ya bushe, musamman a Arewa inda iska ba ta da laima. A kudancin Jebba, da damina, yakan ɗauki lokaci, sai a haɗa da farin tsumman nan. Soso a matse shi a rataye a bayan kan mota inda iska za ta buge shi, kuma idan ya fara wari a jefar, kuɗinsa bai kai na magani ba. Kwanon roba ya fi arha kuma ba ya ƙara a kan gargada, amma duk inda cokali ya karce shi maiƙo na maƙalewa a ciki, shi ya sa robar da ta ga manja ba ta komawa farinta. Tsofaffin direbobi silba suke saye. Wanda ke son ƙarin kariya, musamman lokacin da ake jin labarin kwalara a garuruwan da ke kan hanya, sai ya zuba cokalin cin abinci ɗaya na ruwan Hypo ko Jik cikin ruwa lita 4, ya tsoma kayan bayan wanki, ya bar su su bushe da kansu. Ba a gauraya shi da wani maganin wanki.

Abin da ya rage a tukunya

"Oga, akwai saura fa."

"Rufe shi, ma ɗumama da dare."

Wannan 'yar magana ta kwantar da direbobi fiye da ƙazamin kwano. Hukumar Lafiya ta Duniya na gargaɗin kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye ba a firji ba, ba kuma a kan wuta ba, domin tsakanin digiri 5 zuwa 60 ne ƙwayoyin cuta suka fi yaɗuwa. A watan Afrilu zafin Sakkwato ko Maiduguri kan haura digiri 40 a inuwa, balle cikin akwatin ƙarfe. Idan yanayi ya yi musu daɗi, wasu ƙwayoyin kan ninka kansu duk minti 20. A wannan lissafi, ƙwaya ɗaya da azahar ta zama fiye da 260,000 bayan awa 6, wato daidai lokacin da za a tsaya yin ɗumamen.

Mai karatu zai ce, ai wuta na kashe su. Da ƙyar ma a samu wanda bai tashi da ɗumamen tuwo ba, ga shi kuma da ransa. Gaskiya ne wuta na kashe da yawa. Amma shinkafa, wadda ita ce uwar abincin hanya, tana da nata sharrin. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus da ke zuwa tare da ɗanyar shinkafa tun daga gona. Irinta na jure tafasa. Idan shinkafa ta huce ta zauna cikin ɗumi, sai irin ya farfaɗo ya hayayyafa, ya saki guba. Ɗumame zai kashe ƙwayar, amma ba ya lalata gubar. Shinkafar na iya zama ba ta yi tsami ba, ba ta yi yauƙi ba, amma cikin 'yan awanni da ci sai amai ya taso. Taliya ma haka take. Kula tana taimakawa idan an zuba abinci da zafinsa aka ci bayan ɗan lokaci, amma idan ya yini a ciki, ta koma wurin renon ƙwayoyin.

Saboda haka awo kafin girki wani ɓangare ne na wanke-wanke. A dafa abin da za a cinye. Idan ya yi saura, ba a rasa mai buƙata a wurin da tireloli ke tsayawa: ga almajiri da kwanonsa, ga mai faci, ga yaron motar da ke maƙwabtaka wanda ogansa ya shiga gari. A bayar da zafinsa, tukunya ta samu wanki nan take.

Baƙin da ke bin ƙamshi

Tirela na kwana a bakin sito, a kasuwar hatsi irin ta Dawanau, a bakin tashar jirgin ruwa, wuraren da ɓeraye suka fi mutane yawa. Ɓera na hawa ta taya ya shige, kuma abin da ke riƙe shi guntun burodin da ya faɗa bayan kujera ne da tukunyar da aka ce sai da safe. Idan ya zauna, wayoyin lantarkin mota zai koma ci, direba ya wayi gari fitila ta ƙi kamawa. Wannan ƙaramar asara ce a kan ɗayar: zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu, ta fitsari da kashin wani nau'in ɓera yake shiga abinci da kwanuka. Akwatin girki ya zama mai rufuwa ruf, gari da shinkafa su zauna a bokiti mai murfi, kwanon da ya kwana a waje kuma a ɗauraye shi kafin a ci a ciki.

Cikin kan mota ma na son shara bayan kowane ci. Kofi ko gorar da ta gangara ta shige ƙarƙashin birki, ko maiƙon da ya shafi sitiyari da matakalar hawa, ba batun ƙazanta ba ne kawai a motar da ke gangaren tudu da kaya.

Wutar da ake zaton ta mutu

Garwashi kan yi awanni da ransa a ƙarƙashin toka. Kurfotin da aka ɗora kusa da tamfol, ko lodin auduga, ko buhunan gawayi, da zaton ya mutu, iskar tafiya ce za ta hura shi. A juye shi a ƙasa nesa da taya, a kashe da ruwan wankin nan da ya gama aikinsa, a taɓa a ji sanyi. Da hunturu kuma kada sanyi ya sa a shiga da sauran garwashi cikin kan mota a rufe gilashi. Iskar da yake fitarwa ba ta da launi ba ta da wari, barci take sa mutum ya wuce daga nan. Mai tukunyar gas ya rufe ta daga kanta, ba daga murhu kawai ba, kuma wurinta waje inda iska ke ratsawa, don gas ɗin ya fi iska nauyi, idan ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya ya taru.

Direban tanka shi dokarsa daban. Tururin fetur ma ƙasa yake bi, yana iya rarrafawa ya tarar da wuta a nesa, kuma tankar da aka sauke wa mai cike take da wannan tururi. Ba a hura wuta a gindinta ko babu ɗigon mai a ciki.

Shi ma ruwan wanki, idan bai tafi kashe garwashi ba, kada a sheƙa shi a inda aka zauna. Motar da za ta shigo bayan an tashi, a nan yaronta zai shimfiɗa tabarma, a nan za su yi salla.

Su na can fa?

Ana iya zaton wannan wahala ta direbanmu ce kaɗai. A Amurka, inda doka ta ƙayyade wa direban babbar mota awa 11 na tuƙi sannan hutun awa 10, bayan kujerarsa akwai ɗan ɗaki mai gado, da yawa kuma na da firji da na'urar ɗumama abinci. Amma akasarin motocin ba su da wurin wanke-wanke. Shi ma da gorar ruwa yake fama. Mafitarsu farantin takarda da ake ci a jefar, da takardar goge-goge, da gorar feshi mai ruwan sabulu, sauran kuma sai an isa babbar tashar hutawa. Farantin yarwa ba namu ba ne: ga tsada, ga shi shararmu a gefen titi take ƙarewa. Gorar feshin dai abin ɗauka ce.

Waɗanda suka fi kama da mu direbobin Brazil ne da na Turkiyya. Su akwati suke ƙerawa a gefen bodi, ƙofarsa ta buɗe ta zama tebur, ciki ga murhun gas, ga ma'ajin kwanuka, kusa da shi kuma ɗan tankin ruwa mai kan famfo. Kan famfon nan shi ne abin lura. Mai zuba ruwa daga jarka hannu biyu yake buƙata, ruwan kuma ɓul-ɓul yake fita fiye da kima. Mai famfo kuwa shi kaɗai zai wanke hannu da sabulu, ya ɗauraye kofi, ya rufe. Babu abin da ya gagari mai walda a Kano ko Maraɗi a cikin wannan, kuma wasu motocinmu sun riga sun fara ɗaurawa.

Sai dai famfo ba ya gyara ruwan da aka zuba masa. Duk abin da muka faɗa a wannan babi ya dogara ne da cewa ruwan jarkar mai kyau ne, alhali yaron mota na cika ta ne a duk inda ya samu: yau famfon gidan mai, gobe rijiyar masallaci, jibi kurar ɗan ga-ruwa, wata rana ma rafin da ke ƙarƙashin gada. Babi na gaba zai bi jarkar nan zuwa waɗannan wurare ɗaya bayan ɗaya, mu ga wanne ake sha, wanne ya tsaya a wanki, da abin da direba zai yi idan wanda ya samu ke nan babu zaɓi.